Ɗana, Idan Ka Ga Ɓaraka

Ɗana, zo ka zauna. Maganar nan ba ta tsaye ba ce.

Ku 'yan yanzu Allah ya ba ku abin da bai ba mu ba. Mu mun tashi muna ganin malamin gona da littafinsa a hammata, yana bi gona-gona yana rubuta sunan mai ita da faɗinta. Ku kuwa kun zo kun tarar komai ya koma cikin kwamfuta. Sunan manomi, lambar wayarsa, lambarsa ta BVN da ta NIN, yawan ekarsa, buhun takin da ya karɓa, bashin da ake bin sa, duk suna nan a gabanka. Manomin Kura ko na Bunkure bai san inda aka ajiye su ba. Kai ka sani. Amana ke nan aka danƙa maka. Ni ba na shakkar riƙonka, na san gidan da ka fito. Abin da nake so mu tattauna shi ne ranar da za ka ga wani ya taɓa amanar, da abin da kan biyo bayan wanda ya buɗe baki.

Bari in fara da ruwa, tunda a bakinsa muke zaune. A 1974 aka kammala madatsar Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako, Allah ya ji ƙansa. Daga can ruwa ke gangarowa ta babban kanal, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Bunkure, ɗaya ya bi ta Kadawa zuwa Kura. Kashin farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da kadada 22,000, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Da ruwan nan ake shinkafar da injinan Kura ke cashewa. Da shi ake alkama da albasa, da tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Kudu.

Ka taɓa lura da yadda kanal ke ɓallewa? Ba a rana ɗaya yake yi ba. Da farko wata 'yar laima za ka gani a bayan gaɓa, ƙasa ta yi duhu alhali ba a yi ruwan sama ba. Wataƙila gafiya ce ta yi rami, wataƙila wani ne ya huda da dare ya ja ruwa gonarsa. Bayan kwana biyu sai ruwa ya fara tsattsafowa. Wanda kan fara gani galibi mai ban-ruwa ne da ya fito da asuba, wando a naɗe, fartanya a kafaɗa. In ya yi magana a ranar, 'yan buhunan ƙasa da majiya ƙarfi uku sun isa. In ya ce ai ba gonarsa ba ce, to ranar da gaɓar ta zube, na kusa ruwa ya cinye shukarsu, na ƙarshen layi kuma shinkafarsu ta ƙone da ƙishi. Yanzu ka ɗauka akwai garin da in mutum ya ce ga ɓaraka, sai a ci shi tara, a hana shi ruwa a ranin. Wa zai sake magana? Rumbun bayanan da ke hannunka haka yake, kuma sau da yawa haka muke yi wa wanda ya fara gani.

Yaushe ma sunayenmu suka fara shiga na'ura? A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, aka fito da tsarin tura wa manomi saƙo a waya ya je ya karɓi taki buhu biyu a rabin kuɗi. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na kusan dala miliyan 500, wanda ya gyara kanal-kanal ɗinmu, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su ma da nasu rajistar da lissafin kuɗin ruwa. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki, Anchor Borrowers, a Kebbi, wanda a lokacin sai kana da asusu da BVN kafin a sa ka. Duk abin alheri ne, ban ce ba. An rage wa dillalai ƙarfi. Amma duk inda aka tara sunaye, kuɗi kuma na bin sunayen, ɓarawo na shawagi a wurin. A faɗin ƙasar nan an sha jin kukan manoman bogi, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba amma sunansu ya riga na mai gona shiga.

Akwai kuma satar da ta fi wannan shiru. Ka ɗauka wani dattijo yana tsaye a gonarsa, ƙafa cikin taɓo, sai wayarsa ta yi ƙara. Mai kiran ya ambaci cikakken sunansa har da na mahaifi. Ya faɗi ƙauyensu, ya faɗi bankinsa. Ya ce tallafin taki ya fito, abin da ya rage kawai Baba ya karanto lambobin da aka turo masa yanzu. Dattijo ya goge hannu a riga, ya ɗan nisantar da wayar daga idonsa, ya karanto su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya isa gida kuɗin shinkafar bara sun tafi. Kowa zai ce laifin tsoho ne da ya yarda. To amma wa ya ba mai kiran sunan da ƙauyen da bankin? Da ɗan gari akan ci gari. A wani wurin an rubuta kalmar sirri a takarda an manna a bango. A wani wurin jerin sunayen manoma yana yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya. A wani wurin kuma sayarwa aka yi da gangan. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da NIN, a kan naira 100 kacal. Hukumar NIMC, mai bayar da NIN, ta ce ba a kutsa rumbunta ba. Ko ta wace kafa suka fita, sun dai fita, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Gwamnati ta san da wannan, shi ya sa ta yi dokoki. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu gudanar da na'urorin kwamfuta, na gwamnati da na 'yan kasuwa, su kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A da wa'adin kwana 7 ne, gyaran 2024 ya mai da shi awa 72. Dokar kare bayanai ta 2023 ita ma ta ce in bayanan mutane suka fita ta yadda za a iya cutar da su, a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72. Hikimar a fili take. Dabarar da ɓarawo ya gwada a ofis ɗaya yau, gobe ita zai gwada a goma. In na farko ya faɗa da wuri, sauran sun toshe ƙofa.

Sai dai doka ba ta da ido, mutum ne ke gani. Kuma yawanci ƙaramin ma'aikaci ne irinka, wanda ya lura an shiga rumbu da ƙarfe biyun dare, ko ya ga lambar asusu ɗaya a gaban sunaye arba'in. Shi zai kai wa oga. Oga kuwa ɗan Adam ne. Yana tsoron a ce a hannunsa abin ya lalace, wani lokacin ma da hannunsa a ciki. Sai ya ce a bar kaza cikin gashinta. Ka ga duk wancan tsari na musayar bayanai, da cibiyoyinsa da wa'adinsa, ba zai yi aiki ba sai in yaron da ya gani zai iya faɗa ya kuma kwana lafiya.

Ba zan ɓoye maka ba, labarinmu a nan ba shi da daɗin ji. A watan Fabrairun 2014 aka dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga kujerar gwamnan Babban Banki, bayan ya dage cewa akwai dala biliyan 20 na kuɗin mai da ba su shiga asusun gwamnati ba. Fadar shugaban ƙasa ta ce laifukan kashe kuɗi ne suka jawo, amma kowa ya lura da lokacin da abin ya zo. A 2016 Abdulmumin Jibrin, ɗan majalisar Kiru da Bebeji, maƙwabtanmu na nan wajen Tiga, ya yi zargin cushe a kasafin kuɗi. Majalisa ta dakatar da shi na tsawon kwanakin zama 180, sai a 2018 kotu ta ce dakatarwar ba ta kan doka. Ko me kake gani game da siyasarsu, waɗannan manya ne, suna da lauyoyi, kuma in sun yi tari duniya na ji. Dubi kuma Ntia Thompson, mataimakin darakta a wata hukuma da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Ya kai rahoton zargin karkatar da dala 229,000. Aka dakatar da shi, aka yi masa ritayar dole a farkon 2017. Sai da 'yan jarida da ƙungiyoyi suka yi ta kururuwa aka mai da shi bakin aiki a tsakiyar shekarar. Ka riƙe wannan: tsayuwar mutane ce ta dawo da shi.

Wanda ba a san shi ba kuwa, nasa bi-ta-da-ƙullin ba ya shiga jarida. A hankali yake zuwa. Yau ka shiga ofis ka yi sallama, a amsa ciki-ciki. Gobe a canza kalmar sirri ba a gaya maka ba. Jibi takardar tuhuma ta fito kan wani latti da ka yi tun tuni, lattin da kowa ke yi. Sai canjin wurin aiki zuwa inda kuɗin mota zai cinye albashi. Fayil ɗinka na ƙarin girma ya yi ɓatan dabo. Mafi ciwo shi ne na gida. Wasu dattawa su zo wajen mahaifiyarka bayan la'asar, su gaisa da mutunci, su ce, “Hajiya, a ja wa yaron nan kunne, kada ya toshe wa mutane hanyar abinci.” Ita kuma ta kwana ba ta runtsa ba. In kana da 'yar gona a layin ruwa, kada ka yi mamaki in ranar ban-ruwanka ta riƙa rikicewa.

To wace garkuwa ke akwai? A watan Disamban 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, lokacin Kemi Adeosun, ta fito da tsarin kwarmata bayanai, da alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Da farko ya yi tasiri. A Afrilun 2017 EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a unguwar Ikoyi ta Legas saboda wani ya tsegunta, kodayake sai da aka yi watanni ana ja-in-ja kafin ya karɓi ladansa. Amma tsarin nan manufa ce ta gwamnati, majalisa ba ta mai da shi doka ba, alƙali kuwa da doka yake aiki. Majalisar dattawa ta zartar da ƙudurin kare masu kwarmato a 2017, bai kai ga zama doka ba. Majalisar zartarwa ta amince da wani daftarin a Disamban 2022, aka ci gaba da jira. An ce wa mutane su fito su faɗa, an yi musu alkawarin kuɗi, amma ba a gina musu wurin fakewa ba.

Ba a rasa ba dai gaba ɗaya. Sashe na 27 na dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ya kare ma'aikacin da ya bayyana abin da ya haƙiƙance ɓarna ce ko almundahana. Dokar ICPC ta 2000 ta ce a ɓoye sunan mai kawo rahoto, ta kuma tanadi ɗauri ga wanda ya kawo ƙarya da gangan. Kotun ma'aikata tana sauraron ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba, kuma tana zama a Kano. A ɗaya gefen kuma akwai dokar sirrin gwamnati ta 1962, wadda har yau ake yi wa ma'aikata barazana da ita. Akwai sashe na 24 na dokar intanet ɗin nan, wanda aka sha kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook da shi, har kotun ECOWAS ta ce a gyara, aka taɓa shi a 2024. Garkuwar tana nan, amma guntu-guntu ce, kuma sai wanda ya san inda take.

Wasu ƙasashen sun ɗan riga mu. Gana ta yi dokarta tun 2006, kuma akwai abin da ya burge ni a cikinta. Mutum na iya kai maganarsa wajen sarki, ko babban danginsa, ko shugaban addini, ko da baki ne in bai iya rubutu ba, doka kuma ta kare shi. Sun lura talaka ya fi sakin jiki da wanda ya sani. Amurka, da ta zo yin dokar musayar bayanan tsaron intanet a 2015, ta sa wani sashe da ya hana a fake da ita a tauye kariyar da ma'aikatan gwamnati masu fallasa suke da ita. Sun san in aka lulluɓe komai da sunan tsaro, ɓarna ma za ta samu wurin ɓuya. Amma kada ka ɗauka doka kaɗai ta isa. Afirka ta Kudu tana da tata tun 2000, duk da haka a watan Agustan 2021 aka harbe Babita Deokaran a ƙofar gidanta a Johannesburg, jim kaɗan bayan ta kai 'yarta makaranta. Jami'ar kuɗi ce a ma'aikatar lafiya ta lardinsu, ta ja hankali kan wasu kuɗaɗen kwangila na wani asibiti da ba ta yarda da su ba. Dokar tana nan a takarda, amma babu wanda ya tsare baiwar Allah.

Ban kawo maka waɗannan don in tsorata ka ba. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, shi ke nan. Na kuma san abin da zai fi damun zuciyarka, wato kada a ce kai annamimi ne. Mu Hausawa muna ƙin tonon asiri, kuma muna da gaskiya. Amma malamanmu sun rarrabe. Annamimi yana kwasar magana ne daga nan zuwa can don ya haɗa mutane faɗa. Wanda ya kai kukan zalunci wajen mai ikon gyarawa, ko ya gargaɗi jama'a kan cutar da ke tafe, ba ya cikin masu giba. Imam Nawawi ya lissafa waɗannan cikin wuraren da aka halatta ambaton aibin mutum. Rufin asiri na wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda ke cin takin marayu kuwa, in an yi shiru taya shi ci ake yi.

Saboda haka in ranar ta zo, ka fara da tabbatarwa. Ba duk abin da ya yi kama da sata ne sata ba. Lambar waya ɗaya a gaban sunaye goma tana iya zama ta ɗan da ya fi kowa karatu a gidansu, shi ke karɓar saƙon iyayensa da baffanninsa. Ka yi tambaya cikin ladabi, ka nemi a fahimtar da kai. Magana zarar bunu ce, kuma mutuncin mutum in ya zube da wuya a kwashe.

Ka riƙa rubutawa. Rana, lokaci, abin da idonka ya gani, da wanda ka gaya wa. Ka raba abin da ka gani da abin da kake zato. In ka kai wa oga da baki, ka biyo da takarda mai laushin harshe, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ranar da aka ce ba ka taɓa faɗa ba, ko aka ce ai kai ne ka yi, takardar nan ce za ta tsaya maka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada ka shiga inda ba a ba ka izini ba don neman hujja. Wannan ka ji shi da kyau. Dokar 2015 ta mai da shiga kwamfuta ba da izini ba laifi, kuma wanda kake son fallasawa zai yi murna in ka miƙa masa wannan sandar da hannunka. Ka tsaya a kan abin da aikinka ya nuna maka. Haka nan kada zafin rai ya sa ka ɗauki hoton jerin sunayen manoma ka watsa a Facebook. Mutanen da kake son karewa ka tona ke nan, ka kai wa ɓarayi abin da suke nema har gida.

Ka bi tsani, mataki bayan mataki. Na sama da kai tukuna, sannan mai binciken kuɗi na cikin gida, ko sashen yaƙi da cin hanci da ICPC ta kafa a ma'aikatun tarayya. In ƙofar ciki ta ƙi buɗuwa, akwai ta waje: NDPC in bayanai ne suka fita, ICPC ko EFCC in kuɗi ne, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano in aikin jiha ne. Kafin ka fita waje ka ga lauya. Akwai ƙungiyoyi irin su AFRICMIL a Abuja da suka daɗe suna tsaya wa masu kwarmato. Ka nemi a ɓoye sunanka, kai ma kuma ka ɓoye shi. Kada ka yi amfani da wayar ofis ko kwamfutar ofis, kada ka ba da labari a teburin mai shayi. Baki shi ke yanka wuya.

Ka duba niyyarka. In don an hana ka kasonka ne, ko kujerar wani kake hange, ko kashi biyar ɗin nan ne ya tsone maka ido, to zauna tukuna. Mai irin wannan niyya da an yi masa tayi yake juyawa. Ka kuma tsabtace naka teburin. Ka zo aiki a kan lokaci, kada ka sa sunan ƙaninka a jerin da bai cancanta ba, domin in aka tashi neman laifinka ba za a bar lungu ba. Sannan ka zaunar da iyalinka da mahaifiyarka ka gaya musu abin da ya kamata su sani, kada su ji a bakin wasu. In da hali ka ɗan yi tanadi, ko buhun shinkafa ne, don albashi na iya tsayawa, tukunya kuwa ba ta san shari'a ba.

Yanzu ga rabin maganar da mutane ke mantawa, kuma ni a wurina ita ce babba. Mai yiwuwa ba kai ne za ka gani ba. Abokin aikinka ne, ko wata yarinya mai bautar ƙasa da ta zo jiya. Ranar da aka juya mata baya, me za ka yi? Ba sai ka hau mumbari ba. Ka amsa sallamarta da ƙarfi a gaban kowa. Ka ci gaba da ba ta aiki kamar yadda ka saba. In an kira ka shaida, ka faɗi abin da ka sani, ba ƙari ba ragi. In ka san sunan wanda ya kai rahoto, ka haɗiye shi, ko amininka kada ya ji. Masu bi-ta-da-ƙulli ba su da makamin da ya wuce ware mutum. So suke kowa ya ga yadda mai magana ya ƙare shi kaɗai, don na gaba ya kama bakinsa. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni kuwa na ce ka fara taya shi kashe tasa.

Mu ma na gari akwai namu. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suna iya rubutawa a tsarinsu cewa ba a hana kowa ruwa ko taki don ya yi ƙorafi, a kuma riƙa karanta jerin masu cin tallafi a bainar jama'a, inda kowa ya san gonar kowa. Sunan bogi ba ya jure a kira shi a ƙofar masallaci. Limamai da dagatai da masu unguwanni, in an zo musu da maganar a ja wa yaro kunne, su tambaya tukuna: me ya faɗa, kuma gaskiya ne? Duk wanda ya zo neman ƙuri'ar majalisa a tambaye shi ina aka kwana kan dokar kare masu kwarmato. Doka muke so wadda za ta ɓoye suna, ta hukunta ogan da ya yi ramuwar gayya, ta ɗora masa nauyin nuna cewa korar ba ta da alaƙa da rahoton, ta kuma biya wanda aka cuta haƙƙinsa.

Wata rana, in Allah ya ja kwana, kai ne za ka zama oga. Wani yaro zai ƙwanƙwasa ƙofa, muryarsa na rawa, ya ce, “Yallaɓai, akwai abin da na gani.” Zuciyarka za ta fara tuna sunanka da kujerarka. Kowa haka yake, ba abin kunya ba ne. Ka ba shi wurin zama. Ka saurare shi har ya gama. Ka yi masa godiya ko da ya zama kuskure ya yi, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sannan ka kai rahoton inda doka ta ce cikin wa'adinta, ka kuma sa ido kada wani ya taɓa yaron a bayan idonka. Sauran ma'aikata suna kallo. Abin da ka yi masa a ranar shi zai nuna ko za a sake kawo maka gaskiya ofis, ko kuwa sai dai ka ji ta a rediyo.

In abu ya shige maka duhu, kada ka yanke shawara cikin dare kai kaɗai. Ka nemi babba mai amana ku tattauna, ka yi istihara, sannan ka yi abin da ya dace ba tare da fushi ba. Allah ya tsare ka, ya tsare haƙƙin bayinsa da ke hannunka, ya haɗa ka da shugabanni masu jin gyara.